Kunnen Rahila na Dama

Duk yarinyar da aka haifa a unguwarmu ta Gayam cikin shekaru ashirin ɗin nan, in kika ga ɗan kunne yana lilo a kunnenta, tambaya ki ji, da wuya in ba ni na huda ba. Sunana Hajara. Kitso ne sana'ata, hujin kunne kuwa a wajen kakata na gada. A kawo mini jaririya bayan suna, in ƙona bakin allura, in zura baƙin zare, in soka a fatar kunne ta ƙasa, in ƙulle. Kullum a shafa man kaɗanya, a ja zaren ya zagaya don kada ya manne. Bayan kwana goma a cire zare a sa ɗan kunne. Ban taɓa samun wadda kunnenta ya lalace a hannuna ba, kuma ba na jin nauyin faɗin haka. Amma akwai ranar da wannan sanin nawa ya kusa cinye kunnen 'yar maƙwabciyata. Shi ne na ce bari in rubuta, masu sana'a irin tawa su ji, 'yan matan da ke son barima a saman kunne su ma su ji.

Rahila 'yar Laraba ce. Laraba kuwa Bagwariya ce, Kirista, katanga ɗaya ta raba mu tun ina amarya. Ni na huda wa Rahila kunne tana jaririya, a gabana ta yi rarrafe, Inna take ce mini. Tana da shekara goma sha tara ta je Kaduna wajen yayarta ta yi wata biyu, ta dawo da sha'awar barima, ƙaramin ɗan kunnen nan mai kamar ƙwayar gero da ake maƙalawa can sama, wurin da kunne yake da tauri, wato guringuntsi.

"Inna, a nan nake so," ta ce, tana nuna mini da yatsa. "Guda ɗaya, na dama kawai. Haka ake yi yanzu."

"Uwarki ta sani?"

"Ta ce in tambaye ki. Ta ce in Inna ta ce ba komai, to ba komai."

Maganar nan ta faranta mini rai, kuma ita ce ta kayar da ni. Gaskiya ban taɓa huda guringuntsi ba. Da na faɗa mata haka da an wuce wurin. Sai na murza kunnen, na ji taurinsa, na ce a raina ai kunne kunne ne. Na ƙona allura na soka. Ta yi wata ƙara ƙus, irin wadda ake ji in an tauna guringuntsin kaza. Rahila ta runtse ido, hawaye ya zubo, amma ba ta yi kuka ba. Na ƙulle zare, na ce ta riƙa zuwa kullum da yamma.

Mako na farko wurin ya yi ja, yana ɗan zafi. Ban damu ba. Kullum ta zo in lakaci man kaɗanya in shafa, in ja zare ya zagaya. Tana cije leɓe ina yi mata tsiya, ina cewa jariran da ba su san hagu da dama ba ma sun jure, bare ke ƙatuwar budurwa. A makon ne aka shiga girbin masara. Gonar su Laraba tana bakin daji, kuma kowa a ƙasar nan ya san yadda ake girbi a irin wannan wuri: ido ɗaya a kan masara, ɗaya a kan daji saboda 'yan bindiga. In an samu kwanakin lafiya ba a wasa da su. Gidan gaba ɗaya suke fita da sassafe, a karya, a kwaso zuwa bakin hanya inda babur ke iya zuwa, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Rahila tana cikinsu.

Mako na biyu kumburi ya fara. Ta ce da dare yana yi mata zogi kamar ana kaɗa ganga a ciki, ba ta iya kwanciya a ɓangaren. Na dafa bagaruwa na wanke mata, na ci gaba da jan zarena. Daga nan masu shawara suka taso, don ciwon da ke waje kowa likitansa ne. Wata tsohuwa ta ce toka da kanwa. Wata ta ce man goge baki. Ƙanin mijina, mai achaɓa, ya zo da man birki a 'yar kwalba, ya rantse shi ya warkar masa da ƙunar salansa. Na ce masa, "Kai, ɗauke abinka, kunnen mutum ne ba babur ba." Na kore su duka ina jin kaina mai hankali. Sai kuma na je kemis, aka ba ni kafso ja da baƙi, aka ce in buɗe in barbaɗa garin a kan hujin. Na barbaɗa. Garin ya haɗu da mai ya bushe ya zama ɓawo, bakin ciwon ya rufe ruf. Na ce alhamdulillahi, ya fara kamewa. Ashe ƙofa na rufe wa mugunya.

Mako na uku Rahila ta yi kwana biyu ba ta zo ba. Ran na uku da hantsi ina tsakiyar yi wa wata kitso, Laraba ta shigo riƙe da hannunta. Ba ta yi sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Maman Sani, zo ki ga aikinki."

Ta zame ɗankwalin yarinyar.  Saman kunnen ya yi suntum kamar ƙosai, yana sheƙi, duk lanƙwasar nan da Allah ya yi wa kunne ta shafe. Zaren ya nutse, ƙullin kaɗai ake gani. Kaluluwa ta fito mata a wuya, jikinta zafi rau, ga wani ɗan wari yana tashi.

"Laraba, ki yi haƙuri, bari in..."

"Ba haƙuri na zo nema ba. Masara na gona. In na bari, bana ba mu da abinci. Ke kika huda, ke za ki kai ta asibitin Birni."

Na bar kan da nake kitsawa rabi, na yafa mayafi. Babur ɗaya muka hau, Rahila a tsakiya, ina tare mata kai da hannuna saboda gargadar hanya. Duk ramin da muka faɗa sai ta ce "Wayyo Inna," ni kuma in ji kamar a kunnena ne.

Mun isa asibiti kafin goma. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita kuwa sai da aka yi azahar aka gama muna kan benci. Ba na zargin ma'aikatan, likita ɗaya ne a kan jama'ar da ta cika baranda, amma duk da haka zan faɗa: mai zazzaɓi da mai tari da mai kunnen da ke narkewa duk layi ɗaya ne, babu mai zagayawa ya duba wa ya fi matsuwa. Matar da ke kusa da ni ta tambayi me ya kawo mu. Na ce kunne. Ta ce, "Kunne kawai?" Ni ma makonni biyu abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

Likitan saurayi ne, ɗan cikina ma ya girme shi, amma yana da natsuwa. Ya haska kunnen, ya danna a hankali, ya ɗago.

"Wa ya huda?"

"Ni ce, likita."

"Da me, Mama?"

"Allura da zare. Shekara ashirin da su nake yi."

Na zaci zai yi mini faɗa, har na shirya amsa. Sai ya kama fatar kunnen ta ƙasa, inda na huda tun tana jaririya, ya ce in duba. Lafiya lau take, ko ja ba ta yi ba.

"Nan nama ne, jini na gudu a ciki, shi ya sa aikinki yake kyau a nan. Can sama kuwa daban ne. Guringuntsi ba shi da jinin kansa, fatar da ta lulluɓe shi ce ke ciyar da shi. In mugunya ta shiga tsakaninsu ta raba su, yunwa ce ke kashe shi. In ya mutu narkewa yake yi, kunnen ya nannaɗe, kuma babu maganin da ke miƙar da shi."

Wannan maganar har yau ina iya maimaita ta kamar karatun allo. Ya ce zaren yana shan datti ya kai ciki, jan da nake yi kullum kuwa tsage sabon naman da ke son fitowa nake yi. Sannan ya juya kunnen ya ga bayansa duk ya saɓule. Ya ce wannan ba aikin zare ba ne, akwai abin da ke gogar wurin kullum. Na ce ko ɗankwali. Rahila ta ce sakwa-sakwa take ɗaurawa. Ya ce ko waya. Ta ce da hagu take amsawa tun da aka huda.

Nas ɗin da ke tsaye da faranti, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna, ita ce ta ajiye farantin ta ja wuyan rigar Rahila gefe. Ga kanta nan a kafaɗar dama, baƙa, mai kauri.

"'Yata, da wace kafaɗa kike ɗaukar kaya?"

"Dama, Mama."

"Kina zuwa gona da kunnen nan?"

"Kullum. Sai shekaranjiya na kasa."

Na dafe ƙirji. Matan Gwari ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗorawa, kusa da wuya. Laraba da bakinta ta sha gaya mini cewa a wurinsu kai sarki ne, ba a ɗora wa sarki kaya. Shekara da shekaru ina ganinsu suna wucewa ta ƙofar gidana da kwano a kafaɗa, har tsokanarsu nake yi. Amma ni da na tashi da gammo a ka, ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa gefen kwanon nan a kan kunne yake zama. Kwana goma sha wani abu yarinyar nan tana kwasar masara, bakin kwano yana gurzar sabon huji, gumi da ƙaiƙayi suna shiga, da yamma kuma ta kawo mini in ƙara da jan zare. Tambaya ɗaya ce da na yi ta ranar farko, da ko hagun na huda, ko na ce ta bari sai an gama kaka.

A ranar aka yi mata allurar kashe zafi, aka cire zaren, aka tsaga wurin. Ni na riƙe mata kai. Abin da ya fita ba zan kwatanta shi ba, kada in hana wani cin abinci. Aka wanke, aka cusa auduga a lunguna, aka naɗe kan da bandeji tam, aka ɗaura mata ƙarin ruwa da magani ta jijiya. Likita ya ce mun zo a bakin gaɓa. In kwana uku suka yi kumburin bai sauka ba, sai Kaduna wurin likitocin kunne.  Duk mun san hanyar, mun san sai an jira ayarin motoci da rakiya, mun san yadda ake tafiya baki ɗauke da addu'a.

Na ce a raina, Hajara, ke kika ɓata, ke za ki gyara, kuma kuka ba ya cikin aikin. Na shimfiɗa tabarmata a gindin gadon. Na haddace lokutan allura, in lokaci ya yi ba a zo ba in tafi in tsaya a ƙofar ɗakin nas-nas da murmushina har sai an taso. Na san sun gaji da ni, ban damu ba. Babbar matsalar ita ce kwanciya. An ce kada ta danne kunnen, ita kuwa da barci ya ɗauke ta sai ta juya dama, ta farka da ihu. Na cire zanina ɗaya na naɗe shi gammo, mai faɗin rami, na sa mata a kan matashi. In ta juya, kunnen ya faɗa cikin ramin, babu abin da ya taɓa shi. Da nas dattijuwar ta gani ta tafa hannu ta ce, "Kai, Maman nan! Wannan dabarar zan koya wa wasu." Tun da muka zo, a ranar na fara ɗaga kaina sosai.

Magani kuwa ba kyauta ba ne. Baban Rahila ya sayar da sabuwar masara a lokacin da take arha kamar banza, ni kuma na aika aka sayar da akuyata. Ya aiko a ce mini kada in yi, na ce a gaya masa an riga an yi.

Rana ta biyu Laraba ta zo daga gona, ƙafafunta duk laka. Ta zauna a bakin gado suna magana da Gwaranci, ko kallona ba ta yi ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, na fita baranda na share hawaye. Da ta tafi na buɗe kwanon da ta bari, na ga tuwo malmala biyu da cokali biyu.

Rana ta uku likita ya zo ya warware bandejin. Na tsaya a bayansa ina salati a zuci. Ya daɗe yana dubawa, ya danna nan, ya danna can. Sheƙin ya tafi, fatar ta yi yaushi, lanƙwasar kunnen ta fara fitowa.

"Mama, ku kwance kayanku. Babu zuwa Kaduna."

Na yi hamdala da ƙarfi har masu jinyar gadon gaba suka yi dariya. Rana ta shida aka sallame mu da ƙwayoyin sha na kwana goma, aka ce mu riƙa dawowa wanki har bakin ciwon ya rufe.

Kafin mu fita na kama nas ɗin nan na ce ta koya mini yadda ake kula da hujin sama tun daga ranar farko, kamar ban san komai ba. Ta zaunar da ni ta faɗa, kuma da shi na yi jinyar Rahila a gida makonni biyar. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa, in ba wanki za a yi ba kada ma a taɓa. A tafasa ruwa, a sa ɗan gishiri kaɗan, kada ya fi ɗanɗanon hawaye, a bari ya huce, a jiƙa auduga mai tsabta a ɗora safe da yamma har ɓawon ya yi laushi ya fita da kansa. A tsane wurin ya bushe. Babu mai, babu toka, babu garin kafso. Ba a juya ɗan kunne, ba a jan komai. Ba a kwanciya a kansa, ba a matse shi da ɗankwali ko bakin hijabi. Ta ce hujin ƙasa makonni yake ɗauka, na sama kuwa watanni, wani har shekara, ko da a ido ya yi kamar ya warke. In kuma ja ya fara yaɗuwa, wurin ya yi zafi yana zogi, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya zo, a ranar ake zuwa asibiti, ba a jira a gama girbi.

Ni na ƙara nawa a kai. Hujin sama na daina, wadda ta nace in ce ta je inda ake da kayan aikin da aka tanada don shi, a sa mata barimar da ba ta tsatsa, ba zare ba. Kuma kafin ta tafi sai na tambaye ta ɓangaren da take kwanciya, da kunnen da take kara waya, da inda take ɗora kaya, da ko aikin gona na gabanta. Jarirai kuwa ina nan ina huda musu, allura sabuwa kowace yarinya, hannuna bai mutu ba.

Na je har ɗaki na nemi gafarar Laraba. Ta daɗe tana tsince wake ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Ni ma na ga kunnen yana kumbura, ban hana ta ɗaukar kwano ba. Masara nake gani." Na jawo faifan muka ci gaba da tsincewa tare.

Kunnen ya warke, amma bai dawo yadda Allah ya yi shi ba. Can sama gefen ya ɗan naɗe ciki, ya yi kauri, wurin bai fi faɗin farce ba. Likita ya ce da mun ƙara kwana biyu da rabin kunnen ne zai tafi, mu gode wa Allah. Na gode.  Rahila kuwa ta duba a madubi sau ɗaya, ta ja ɗankwali ta rufe. Haka ta riƙa yawo wata biyu, a gida da coci da kasuwa, ɗankwali har kan kunne. Tana gaishe ni da ladabi kamar kullum, amma ta daina kawo mini kitso, ƙanwarta ke kama mata kalba. Duk sanda ta wuce da ɗaurin nan sai in ji abincin ranar ya fita raina.

Wata Asabar da hantsi sai ga ta da kibiya da man kitso. Ta zauna a kan tabarma tsakanin ƙafafuna, ta zare ɗankwalin da kanta.

"Inna, shuku nake so. Gobe ni zan ja waƙa a gaba a coci."

Na tsaya da kibiya a hannu. Shuku sama yake tattara gashi, ba ya barin ko sili ɗaya a kan kunne.

"Rahila, shuku fa ba ya rufe komai. Bari in yi miki wanda zai sauko gefe, zai yi miki kyau."

"Na sani, Inna. Na gaji da ɓoyo. Kunnena ne, a haka zan zauna da shi."

Na tsaga gashin na fara daga hagu. Da na zo dama dole na lanƙwasa kunnen da yatsa don in kamo gashin bayansa. Yana da ɗumi, yana da ƙarfi, tabon yana ƙarƙashin babban yatsana. Hawayena ya ɗiga a wuyanta.

Ba ta juyo ba. Ta ɗago hannu ta dafa nawa a kan kunnen, ta riƙe.

"Inna, ja da kyau," ta ce. "Kada ya warware kafin gobe."